Ƙullin Zare a Makunnin Motar Baba

Ƙanƙara, 20 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Yaya Suwaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidan da yara da duk mutanen Sabuwa. Mu nan sai godiyar Allah. Tun da aka katse mana layukan waya mun koma zamanin kakanni, shi ya sa kika ga takarda a hannun Mas'udu direba.

Jikin Baba dai jiya i yau. Ɓarin hagun bai motsa ba, magana kuma sai an kasa kunne sosai. Ranar Juma'ar da ta wuce ya sa na fito da shi tsakar gida. Ya daɗe yana kallon tsohuwar a-kori-kurarsa da ke cikin rumfa, sannan ya ce, "Salahu, a tada ta, a kai ni Hwaskari." Na ce in dai Faskari ce, gobe ma sai in samo mota. Ya ce a cikin wannan zai tafi, ko a bar maganar. Kin san Baba, ko sanda yake da ƙafafunsa ba a juya shi, balle yanzu.

Na kira wani bakanike daga tasha. Ya wanke abin da zai wanke, ya sa batir, ya ce injin lafiya lau yake, tun da Baba bai fasa ɗumama shi duk Juma'a ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Makunni ne ya ƙi. Makulli yana juyawa amma ba ya kama komai. Kin tuna shi, wannan mai zoben, na tada inji da na fitila duk a gida ɗaya. Bakaniken ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya fito yana sosa ƙeya, ya ce wannan wayarin ba na kamfani ba ne, wani ne ya yi shi da hannunsa, shi kuma bai gane kansa ba. Ya kawo shawarar a haɗa waya biyu kai tsaye a wuce wurin. Baba na jin haka ya buga sanda a ƙasa, ya ce ba a yi wa motarsa aikin ɓarayi.

To nan ne ƙaninki ya yi abin kunya. Na ce ai abin da hannu ya haɗa hannu zai gyara. Na kwance makunnin, na ari faifan matata Halimatu, na zauna a inuwa da sukundireba. Ina ɗaga murfin wani siririn sifirin ya yi tsalle, wani ɗan ƙwallon ƙarfe da bai fi ƙwayar dawa ba ya gangara ƙasa, kazar Halimatu wake-wake ta yi wuf ta haɗiye shi. Sai da muka yanka ta muka ciro shi a ƙundu. Baba ya sha romo bai san dalili ba, Halimatu kuwa har yau ba ta huce ba.

Sauran na wanke su da kalanzir, na goge tagullar har tana ɗaukar ido. Akwai wasu tsoffin zaruruwa ɗaure a jelar wayoyin makunnin, sun yi baƙi ƙirin da dauɗa, su ma na sa reza na yanke na zubar. Yanzu komai fes yake a cikin gwangwanin madara, amma kwana uku ke nan na kasa mayar da shi yadda yake. Kullum da safe Baba sai ya tambaya, ni kuma in ce ana kai. Gaskiya, Yaya, tsoro nake ji kada ya tafi da wannan buri a ransa, kuma ya zama ni na hana shi.

Ki ba ni shawara. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Salahuddeen

*

Sabuwa, 27 ga Satumba, 2021

Salahu,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, yara suna gaishe ka. Takardarka ta iso, na karanta na yi dariya, sannan na zauna na yi kuka.

Karambanin akuya, gai da kura. Kai da ko igiyar guga ba ka iya ƙullawa ba, me ya kai ka cikin makunnin mota? Ka ba Halimatu haƙuri, kazarta tana wuyana, in hanya ta yi kyau zan aiko mata da wata.

Yanzu ka natsu ka ji. Baba ba shi da kowa a Faskari sai mutum ɗaya, kuma mutumin shi ya yi wayarin da bakanikenka ya kasa ganewa. Baba Ɗanlahadi ke nan. Kana da shekara tara lokacin, da wuya ka tuna shi sosai. Dogo ne, da wushirya, Bamaguje ne da ya shiga addinin Kirista. Shekara goma sha biyar shi kaɗai ke taɓa motar nan. A akushi ɗaya suke cin tuwo da Baba, matarsa Kulu kuwa ita ta yi mini kitson sallah ba sau ɗaya ba.

Shekarar da Baba ya dawo daga Hajji, ana tsakiyar zafin bazara, Kulu ta rasu a asibiti nan Ƙanƙara. Baba Ɗanlahadi ya zo ƙofar gida da hantsi, yana roƙon motar ya kai gawarta ƙauyensu. Zaure cike yake da masu zuwa barka da dawowa. Wasu daga cikinsu suka fara cewa ai bai dace sabon alhaji ya ba da motarsa a ɗauki gawar wadda ba ta sallah ba. Baba bai ce haka ba, amma bai tsawata musu ba. Ya ji kunyar baƙi, bai ji kunyar amini ba. Ya kira ni, ya ce in je in ce masa motar ba ta tashi, makunni ya lalace.

Ka ji fa. Makunnin da mutumin ya gyara da hannunsa sati biyu kafin nan. Ni na fita na faɗa masa, ina kallon ƙasa. Ya ce to a ba shi makulli ya duba. Na koma ciki, ba a sake aiko ni ba. Ya tsaya a bakin zauren nan har la'asar, rana na dukansa. Daga baya a kan buhunan masara aka tafi da Kulu, a bayan wata babbar mota. Cikin watan ya kwashe kayan aikinsa ya koma Faskari. Shekara ashirin da uku ke nan ko a hanya ba su gaisa ba.

Don haka kada ka ɗauka Baba yawon buɗe ido yake so. Kuma ya fi kowa sanin wanda zai iya makunnin nan. Ka tattara gwangwaninka ka aika wa Baba Ɗanlahadi, ka rubuta masa da ladabi. In ya kore ka, ya yi daidai.

Ina so in zo in ga Baba, amma maigidan ya ce ba zan hau hanyar nan ba sai ta lafa. Ka shafa mini kansa.

Yayarka,
Suwaibatu

*

Ƙanƙara, 1 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Baba Ɗanlahadi, Faskari,

Gaisuwa da ban girma, tare da fatan Baba yana cikin ƙoshin lafiya da dukan iyali. Ni ne Salahuddeen, ɗan Alhaji Gide na Ƙanƙara, ƙanin Suwaibatu. Ina neman afuwa da na rubuto ba tare da na zo na durƙusa ba.

Mahaifina shekara biyu ke nan yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ce a tada tsohuwar motarsa a kawo shi Faskari, kuma ya ƙi kowace mota sai ita. Makunnin ya lalace. Na kwance shi da jahilcina na kasa mayarwa, bakanikan nan kuma sun ce aikin ya fi ƙarfinsu. An shaida mini hannunka ne ya yi shi, Baba.

Ga shi nan a gwangwani a hannun Mas'udu direba, ban rage ko kusa ɗaya ba, har da makullin. Na san abin da ya faru a ƙofar gidanmu, kwanan nan Yaya ta gaya mini. Ba ni da bakin roƙo, amma ina roƙo.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

Ɗanka,
Salahuddeen Gide

*

Faskari, 5 ga Oktoba, 2021

Salahu,

Na gaishe ka. Lafiya lau muke, sai tsufa.

Ka ce makunni ya lalace. Haka aka gaya mani shekara ashirin da uku da suka wuce. Ashe sai bana maganar ta tabbata.

Na zazzage gwangwaninka bisa tabarma. Wa ya ce ka goge farantin tagulla haka? Ka cinye shi har ya kusa hujewa, sai na ɗora mashi dalma. Sifirin ɗin ya mutu, shi ne asalin ciwon, sai na naɗa wani. Ɗan ƙwallon shi ke riƙe zoben fitila a kowane mataki, ƙarama da babba, ka yi sa'a bai ɓata ba. Duk wannan ba komi ba ne.

Ina zaren da ke jelar wayoyin? Ka ce ba ka rage ko kusa ɗaya ba, amma ka rage wannan. Lokacin da na yi wayarin motar ban iya karatu ba, sai daga baya na koya a majami'a. To da ƙulli nake shaida waya. Ƙulli ɗaya wutar batir, biyu kwayil, uku sitata, huɗu fitila. Zaren kuwa Kulu ta kaɗa shi da mazarinta, ta rina mani shi ja don in riƙa gani a duhun ƙarƙashin sitiyari. Kai ka gan shi dauɗa ce ka sa reza. Ba laifinka ba ne, gidanku ba a koya maku sanin abin da ke da daraja ba.

Ka leƙa cikin motar. Wayoyin da suka rage a can su ma suna da ƙullinsu. In suna nan kada ka taɓa su, ko ƙura kada ka hure.

Zan haɗa shi, don aikina ne, kuma ban saba barin aikina a wargaje ba. Ba don kowa ba. Ranar da zan gama kuwa ban sani ba. Ido ya yi rauni, hannu yana rawa. Mai jira ya jira.

Ɗanlahadi

*

Ƙanƙara, 24 ga Oktoba, 2021

Yaya Suwaiba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kun kwashe amfanin gona lafiya. Mu nan gero ya shigo, amma gidan ba daɗi.

Na bi shawararki. Baba Ɗanlahadi ya karɓi aikin, ya kuma wanke ni tas, na cancanta. Zaren da na yanke ashe na Inna Kulu ne, da shi yake gane wayoyin. Na leƙa cikin motar da tocila, na can suna nan da ƙullinsu, in ka duba da kyau har jan yana ɗan nunawa. Tun ranar nake jin kamar kabari na taka.

Dole ta sa na gaya wa Baba gaskiya, har da kazar. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya tambaye ni abu ɗaya kawai, ko Baba Ɗanlahadi ya karɓa. Na ce ya karɓa. Rabin bakinsa mai motsi ya yi murmushi, hawaye na bin ɗaya kuncin. Da ya huta ya ce, "Da wagga mota na hana shi. Da ita za ni ƙohwar gidanshi, in tsaya kamar yadda ya tsaya, har sai ya ce in shigo. Sannan in miƙa mashi makulli." Na ce a bari in je in ɗauko Baba Ɗanlahadi su gana a nan. Ya ce wanda ya yi laifi shi ke tafiya.

Yau kwana goma sha tara ba labari. Sau uku Mas'udu yana tsayawa a gidan, sau uku ana ce masa ba a gama ba. Baba kuwa kullum sai ya sa an yi masa wanka da sassafe, an sa masa babbar riga da hula, an zaunar da shi a kujera yana fuskantar rumfa, wai kada makunni ya iso a tsaya jiran shirinsa. Haka zai zauna har azahar, sannan in mayar da shi ɗaki in cire masa rigar. Na wanke motar, na hura tayoyi, na shimfiɗa katifa a baya. Komai ya shirya sai abin da bai fi tafin hannu ba.

Tun shekaranjiya abinci ya ƙi wucewa, sai kunu cokali biyu. Ƙafar daman ma ta fara kumbura. Ni dai raina ya ɓaci da tsohon can, Allah ya sani, amma in na tuna buhunan masara sai in ga yana da gaskiya. Ki yi mana addu'a.

Ƙaninki,
Salahuddeen

*

Sabuwa, 29 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Baba Ɗanlahadi,

Ina gaida Baba da girmamawa, ina durƙushe. Ina fata jiki da sauƙi, da iyali duka. Suwaiba ce, wadda Inna Kulu take yi wa kitso tana cewa kaina kamar na jaki wajen taurin zama.

Baba, ni ce na fito zaure ranar nan na ce maka makunni ya lalace. Na san ƙarya ce lokacin da nake faɗa, don da safiyar ranar a motar aka ɗauko mana ruwa. Na leƙa ta katanga sau da yawa ina ganinka tsaye, ko ruwa ban kawo maka ba. Yanzu ina da 'ya'ya biyar, kuma ban taɓa aiken ɗayansu ya ce ba na nan alhali ina nan ba, saboda ranar. Ka yafe mini.

Ba don kaina kaɗai na rubuto ba. Salahu yana jin nauyinka, ba zai iya gaya maka ba, ni kuwa bakina ba ya da linzami. Babanmu ba asibiti yake so a kai shi ba, ba kuma ziyara ba. Ƙofar gidanka yake so ya zo ya tsaya a cikin motar nan ya nemi gafararka, ya bar maka ita. Kullum yana zaune da babbar riga tun safe yana jira. Abinci ya daina wucewa. Na yi jinyar surukata, na san abin da wannan yake nufi.

In aikin ne ya yi wuya, Allah ya ba da iko. In kuwa zuciya ce, ba ni da ta cewa, kana da gaskiya. Sai dai ka sani kwanakin ba su da yawa.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Suwaibatu

*

Ƙanƙara, 5 ga Nuwamba, 2021

Zuwa ga Baba Ɗanlahadi,

Gaisuwa da ban girma.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa mahaifina rasuwa jiya Alhamis da hantsi. A kujerarsa ya cika, sanye da babbar rigar, yana fuskantar rumfa. Mun kai shi makwancinsa bayan azahar.

Da safen ya tambaya ko Mas'udu ya zo, na ce tukuna. Ya ce in ka aiko, in duba ƙullin da kyau kada in sake yin ɓarna. Ita ce maganarsa ta ƙarshe da na gane.

Ya bar wasiyya gaban shaidu cewa motar taka ce. Ba sauran gaggawa yanzu, Baba, ka yi aikin a hankali. In kuma ka ga a bar shi, a bar shi.

Ɗanka,
Salahuddeen

*

Faskari, 8 ga Nuwamba, 2021

Salahu, ɗana,

Na gaishe ku da haƙuri, kai da Suwaiba. Allah ya ji ƙan Gide.

Ga makunni nan a hannun Mas'udu. Ba zan ɓoye maka ba, kwana uku na yi na gama shi. Tun takwas ga watan jiya yake cikin kwanon Kulu, ƙarƙashin gadona. Duk zuwan da Mas'udu ya yi aka ce ba a gama ba, ina ciki ina jin shi, ni na aika a faɗa. Na ce bari Gide ya ɗanɗana tsayuwa. Shi wuni ɗaya ya tsayar da ni, ni na tsayar da shi kusan wata. Takardar Suwaiba ta same ni ran Litinin, na ce sai Lahadi in na fito majami'a in aika. Taka ta riga Lahadi zuwa.

Ka ce wa Suwaiba ɗiyar da aka aika ba ta da laifi. Babanku kuma na yafe mashi, ga shi na faɗa sanda ba ya ji. Ban san wa zai yafe mani ba.

Na ɗaura sabon zare a jelar wayoyin. Shi ne ƙarshen na Kulu, ba saura. Ɗaya ga ɗaya, biyu ga biyu, uku ga uku, huɗu ga huɗu. Ka cire kan batir kafin ka fara, kuma kada ka matse noti da ƙarfi.

In ta tashi, ka zo da ita ka ɗauke ni, ka kai ni inda kuka sa shi. Ni zan je in tsaya. Gobe tun safe zan sa rigata in zauna ƙofar gida.

Ɗanlahadi